Jirgin Mamuda da Madacin Kawu Lado

Akwai wani akawu mai suna Mamuda da ya zauna a wani ƙauye tsakanin Kazaure da Roni, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan. Kullum da safe sai ya hau babur ɗinsa ya tafi ofis a Kazaure, da yamma ya dawo. An ƙara masa albashi, ya yi wa gidansa rufin kwano, matarsa Rahamatu kuwa mace ce mai hankali.

Duk da haka Mamuda ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna a zaure sai ya miƙe ya leƙa waje. In ya fita waje sai ya dawo zaure. Ya sayi rediyo, ta gundure shi. Ya fara kiwon tattabaru, tun ba su ƙyanƙyashe ba ya rabar da su.

A wannan lokacin ne, bayan babban farin da ya halaka dabbobi, aka gina madatsar ruwa a bayan duwatsun garinsu. Cikin masu aikin akwai wani Bature injiniya da ke da ɗan siririn jirgin ruwa na mutum ɗaya. Ranar Lahadi sai ya tura shi tsakiyar ruwa, ya jefa fatsa, ya zauna shiru tun hantsi har la'asar. In ya kama ƙaramin kifi ma sai ya mayar da shi ruwa.

Mutanen gari dariya suke yi masa. Mamuda bai yi dariya ba. Yakan tsaya a kan dutse yana kallon mutumin, yana mamakin yadda ɗan Adam zai zauna haka bai motsa ba. Da aiki ya ƙare, Baturen ya ɗaure jirginsa a kan mota ya tafi, sai Mamuda ya ƙudura a ransa cewa maganin rashin natsuwarsa yana tsakiyar ruwan nan.

Ya zana jirgin a ƙasa da tsinke, ya nuna wa abokinsa Lauwali kafinta.

Lauwali ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Akawu, ni ƙofa nake yi da benci da makara. A cikin ukun nan, makara ce ta fi kama da abin da ka zana."

"Ba kai za ka yi ba, ni zan yi da hannuna. Kayan aikinka kawai zan ara. Wane katako ne ke jure ruwa?"

"Madaci. Amma 'yan kwangila sun kwashe na kasuwa, kowa gini yake yi. Ka jira zuwa baɗi."

Mamuda ba mutumin jira ba ne. Kuma ya san inda madaci yake.

A ƙofar gidan Kawu Lado, yayan mahaifiyarsa, akwai wani tsohon madaci da kakansu ya dasa. In mutum ya taso daga nesa, shi yake fara hangowa kafin ya ga rufin kowane gida. Da aka raba gado, filin da bishiyar ke kai ya faɗa a rabon mahaifiyar Mamuda. Da ta rasu, ya zama nasa.

Kawu Lado makiyayi ne da ya taɓa mallakar garke. Fari ya cinye garken, ya bar masa shanu biyu: wata tsohuwa da yake kira Guzuma, da wata mai farin goshi da yake kira Kyalla. Madacin nan ne ya tsirar da su. In bazara ta yi tsanani, ƙasa ta zama fayau, shi ganyensa kore shar yake. Tsohon yakan ɗaura lauje a bakin doguwar gora ya yanko musu rassa kaɗan-kaɗan, yau wannan gefen, gobe wancan, har ruwa ya sauka. Nonon shanun nan biyu shi ne cefanen gidansa.

Babu wanda bai san wannan ba a garin. Mamuda ya fi kowa sani, don da nonon gidan aka yaye shi.

Ana cikin kaka, aka yi rasuwa a Babura, Kawu ya tafi ta'aziyya. Mamuda ya aika aka kira masu sara.

Rahamatu ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, ka gaya wa Kawu?"

"Filin na Inna ne, ni na gada."

"Ban tambaye ka ko na wane ne ba. Cewa na yi ka gaya masa?"

"In na gaya masa zai hana."

"To ashe ka san amsar," in ji ta, ta koma ciki.

Daga baya wasu sun riƙa cewa kuskure Mamuda ya yi. A gyara wannan maganar. Kuskure shi ne abin da mutum ya aikata bai sani ba. Wanda ya jira mai abu ya bar gari sannan ya kira gatari, ya san abin da yake yi.

Da Kawu ya dawo, kututture ya tarar, da tarin rassa sun fara bushewa. Ya daɗe a tsaye da sandarsa a kafaɗa. Ya zagaya kututturen, ya shiga gida.

Washegari dattawan unguwa suka taru, suka taho da Mamuda. Aka shimfiɗa tabarma a jikin katanga, tunda babu sauran inuwa. Wannan ya ce, "Malam Lado, a yi haƙuri, ɗanka ne." Wancan ya ce, "Abin da ya faru ya riga ya faru, sai haƙuri." Mamuda ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri."

Kawu Lado ya ce, "Na ji."

Aka shafa fatiha aka watse, kowa na ganin an kashe magana. Ku lura, a duk zaman nan babu mutum ɗaya da ya tambayi abin da Guzuma da Kyalla za su ci in bazara ta zo. Wanda aka cuta shi aka ɗora wa aiki, aka ce ya haƙura. Wanda ya yi cutar ya tashi ya kakkaɓe gwiwarsa ya tafi.

Mamuda ya sa aka tsaga gungumen, ya jera katakon a inuwar zaure ya sha iska. Kullum sai ya taɓa shi ya ji ko ya bushe. Tun bai gama bushewa yadda Lauwali ke so ba ya fara aiki. Ya fara kafa ƙashin bayan jirgin, ya jera masa haƙarƙari, sannan ya riƙa jiƙa katako da ruwan zafi yana lanƙwasa shi a hankali. Na farko ya tsage. Na biyu ma ya tsage. Ya jefar da guduma, ya fita, ya zagaya gari, ya dawo ya ɗauka.

Lauwali yakan zo ya zauna a kan benci yana cin gyaɗa yana ba da shawarar da ba a nema ba. "Akawu, in ka nutse, babur ɗin wa ka bar wa?"

Ya cusa auduga a tsakanin katako da katako, ya bi da narkakkiyar kwalta. Ya sassaƙa filafili mai baki biyu irin na Baturen, wanda ake tuƙi da shi dama da hagu. Ranar da ya fara sa jirgin a ruwa, ya yi yoyo ta ko'ina. Ya bar shi a jiƙe a bakin gaɓa har katakon ya kumbura ya toshe kansa. Da ya sake shiga, ko ɗigo bai shigo ba.

Gaskiya jirgin ya yi kyau. Ja ne kamar an shafa masa man ja, ga shi da sauƙin tuƙi. Mamuda ya kai tsakiyar ruwa, ya sa tana a ƙugiya, ya jefa, ya gyara zama yana jiran natsuwar da ya sha wahala dominta.

Ba ta zo ba.

Daga tsakiyar ruwan ana hango garinsu ta tsakanin duwatsu, kuma a daidai inda kan madacin yake a da, yanzu sarari ne kawai. Ya juya jirgin ya ba wa garin baya. Iska ta sake juyo da shi. Ya ɗaga fatsar ya koma wani wuri, bai jima ba ya sake komawa wani. Kifi kam yana kamawa, karfasa da tarwaɗa, amma yakan dawo gida da gajiyar da ta fi ta ofis.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga fari ba, harawa ko da kuɗinka ba ka samu. Kawu Lado ya riƙa jan shanunsa zuwa gindin duwatsu suna lasar busasshen kara. Ƙasusuwan Guzuma suka fito har ana iya ƙirga su daga nesa.

Wata Lahadi Mamuda ya kamo wata ƙatuwar tarwaɗa, ya ce wa Rahamatu ta kai gidan Kawu. Ta dube shi, sannan ta sa ta a kwano ta fita. Ba a jima ba ta dawo da shi a rufe yadda ta tafi da shi.

"Ya ce a gode maka. Ya ce shi tun da aka haife shi kifi bai taɓa shiga bakinsa ba, kai ma ka sani. Ya ce kuma ya nuna wa Kyalla, ta kau da kai."

Mamuda ya fusata. "To me yake so in yi? Na durƙusa a gaban mutane na ba shi haƙuri."

"Ka ba shi haƙuri, Malam. Shanun ne ba su san an bayar ba."

A ƙasarmu, in yunwa ta kayar da saniya har ta kasa tashi, maƙwabta ne ke taruwa da safe. A zura sanduna ta ƙarƙashin cikinta, a ɗaga ta tsaye, a riƙe ta har ƙafafunta su karɓi nauyinta. In ta tsaya, ta samu wannan yinin. In ta sake zubewa, gobe a dawo.

Wata safiya Mamuda ya fito da filafili a kafaɗa da fatsa a hannu, sai ya tarar da maza sun kewaye Guzuma a gefen kututturen. Babu hanyar da zai bi sai ta gabansu.

Lauwali na riƙe da bakin sanda ɗaya, gumi na zuba. Wannan karon babu wasa a muryarsa. "Akawu, ajiye wannan abin ka kama nan."

Mamuda ya ajiye ya kama. Suka ɗaga tare. Ya yi zaton zai ji nauyi, sai ya ji saniyar ba ta da nauyin komai, fata ce da ƙashi. Suka tsayar da ita, suka saki a hankali. Ta yi rawa, ta durƙushe. Suka sake ɗagawa, ta sake durƙushewa.

Kawu Lado ya tsuguna a gaban kanta, ya shafa wuyanta, ya yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Sannan ya miƙe ya ce a kira mahauci tun tana da sauran rai. Bai dubi Mamuda ba ko sau ɗaya.

Mamuda bai tsaya ganin yankan ba. Ya ɗauki filafilinsa ya nufi ruwa kamar ana korarsa. Ya shiga jirgi ya yi ta tuƙi, bai jefa fatsa ba, bai tsaya ba. Ya wuce inda ya saba tsayawa, ya wuce duwatsun da ke tsakiyar ruwa, har hannuwansa suka fara zafi.

Can sai jirgin ya dunguri ƙasa. Wani tudu ne da ruwan madatsar ya zagaye ya mayar tsibiri. Da ruwa ya ja baya saboda zafi, sai ya bar danshi a gefensa, ciyawa ta tashi kore shar har gwiwa. Babu dabbar da ta taɓa taka wurin, don babu mai iya kaiwa sai da jirgi, kuma jirgi ɗaya ne a duk yankin.

Mamuda ya tsaya a cikin ciyawar yana haki. Ba shi da lauje, sai 'yar wuƙar da yake yanka tana da ita. Ya fara yanka, da ya ga tana ɓata masa lokaci ya koma tuge ciyawar da hannu. Jirgin na mutum ɗaya ne, ba a yi shi don kaya ba. Ya cusa ciyawa gaba da baya da kan cinyarsa, har ruwa ya kusa kai bakin jirgin, ya tuƙo a hankali.

Daga bakin ruwa ya ɗaure ta da igiya ya ɗora a ka. Akawu guda, da wando da agogo, ya ratsa tsakiyar gari da damin ciyawa. Mata suka leƙo ta kan katanga. Wani ya ce, "Yau kuma kifin ganye aka kamo?" Ya wuce abinsa.

Ya sauke damin a gaban Kyalla. Ta sa kai tun bai kwance igiyar ba.

Kawu ya fito ya ɗebi ciyawar, ya murza, ya sansana. Ya dubi hannuwan Mamuda da suka yayyanke. Mamuda ya jira ya ji an sa masa albarka.

"Wannan ta yau ce," in ji Kawu. "Gobe ma za ta ci abinci."

Tun daga ranar, da an sallame sallar asuba Mamuda yake ɗaukar lauje ya nufi ruwa. Ya yanko, ya kawo, ya yi wanka a gurguje, ya hau babur. Ya sha isa ofis a makare, ya sha faɗa wurin na gaba da shi. Fatsa kuwa ta koma bayan ƙofa.

Da Lahadi ta zagayo, ya ce a ransa yau dai ranarsa ce. Ya ɗauko fatsar yana gyara ƙugiya a zaure, sai ya ji sallama. Kawu ne, wanda rabonsa da taka gidan tun kafin a sare bishiyar.

"Ɗan ƙanwata, na ga rana ta ɗaga."

"Kawu, yau Lahadi ce. Na ce ko in ɗan huta."

"Madacin nan na zauna da shi tun ina yaro. Ban taɓa jin ya ce yau Lahadi ba."

Mamuda ya mayar da fatsar bayan ƙofa ya ɗauki lauje.

Wasu a gari suka fara cewa tsohon ya cika tsanani, yaro ya gane laifinsa, a bar shi haka mana. Waɗannan su ne dai mutanen da suka yi shiru ranar da aka kira gatari. Kawu bai nemi ƙari a kan abin da aka ɗauke masa ba, kuma bai yarda a rage ba.

Kyalla ta fara murmurewa, nono ya dawo. Wata yamma Mamuda ya dasa ɗan madaci kusa da kututturen, ya kewaye shi da ƙaya. Kawu ya duba ya ce, "Ka kyauta. Wannan na jikokinka ne, ni ba zan ga inuwarsa ba." Sannan ya nuna turken Guzuma da ke gefen na Kyalla, wanda babu komai a jikinsa.

Mamuda ya yi kwanaki yana kai da komo a tsakar gida. Ya je ya shafa babur ɗin, ya dawo, ya sake komawa. Ranar kasuwa ya hau shi ya tafi. Da yamma ya dawo a ƙafa, yana jan karsana.

Lauwali ya tare shi a hanya ya riƙe baki. "Akawu, ka sayar da abin hawa ka sayo ƙarin aiki. Yanzu baki biyu za ka ciyar."

Haka kuwa aka yi. Dami ɗaya ya daina isa, sai ya koma sawu biyu, ɗaya da asuba, ɗaya bayan ya sauko daga motar haya da yamma. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta. Amma Rahamatu ta lura da wani abu. Mutumin da ba ya iya gama cin tuwo a zaune, yanzu in ya dawo sai ya zauna a tabarma har bacci ya ɗauke shi a wurin.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, Mamuda ya kawo dami a jiƙe sharkaf. Ya tarar da Kawu a zaure yana kallon ruwan. Tsohon ya ce ya zauna. Suka zauna suna jin ƙarar ruwa a kan ƙasa.

"Nan da 'yan kwanaki ciyawa za ta fito ko'ina," in ji Kawu. "Ka huta har wata bazarar."

"To, Kawu."

"Ranar da dattawa suka kawo ka, ka tuna abin da na ce?"

"Ka ce ka ji."

"Ji kawai na yi, don babu abin da aka kawo mini sai magana. Yau na yafe maka, duniya da lahira."

Mamuda ya sunkuyar da kai.

Lahadin da ta biyo baya ya ɗauko fatsarsa daga bayan ƙofa, ya kai tsakiyar ruwa, ya jefa. Iska ta juyo da jirgin ya fuskanci gari, ya bar shi a haka. Har la'asar yana wurin.

Duk bazara ya ci gaba da yankan ciyawar nan har Allah ya karɓi ran Kawu Lado. Inuwar dai ba ta dawo ba. Tsohon ya ƙare kwanakinsa yana bin jikin katanga, safe wannan gefen, yamma wancan.

Darasi: "Yi haƙuri" ba biyan haƙƙi ba ne. In ka ɗauke wa mutum abin da yake rayuwa da shi, ko da doka ta ce naka ne, ka mayar masa da abin da zai tsaya a madadinsa, da guminka, har sai shi da bakinsa ya ce ya yafe. Ku kuma dattawa masu sulhu, kafin ku ce wa wanda aka cuta ya haƙura, ku fara tambayar wanda ya yi cutar me ya zo da shi a hannu. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana riƙe da haƙƙin wani, yana ganin durƙuson da ya yi ya wadatar.